Ƙunar Salansa a Ƙafar Baban Nana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar muna da ciwo kuma Ya ba mu ƙarfin ɗaukarsa. Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman ku da mazanku ke da mashin. Karatuna bai yi nisa ba, inda rubutuna ya karkace ku yi haƙuri da ni. Abin da idona ya gani a jinyar maigidana nake so in faɗa, don kada wata ta tsaya tana kallo yadda na tsaya, ba ta san mi take kallo ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Wurno da Goronyo, ba nisa da gulbin Rima. Maigidana, da nake ce wa Baban Nana, manomin albasa ne. 'Ya'yanmu biyu, Nana da ta soma zuwa makarantar allo, sai Bello da yake goye har yanzu. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, Inna. Wansa, Yaya Buhari, gidansa na bayan namu, kuma shi ne shugaban 'yan kabu-kabun garinmu, masu ɗaukar mutane a mashin.

Sa'ad da anka kawo ni gidan nan, Baban Nana siriri ne, duk jijiya. Da ƙafa yake zuwa fadama bayan sallar asuba, da ƙafa yake dawowa, fartanya a kafaɗa. Ranar kasuwar Wurno sai ya hau tsohon kekensa. Dugadugansa duk kaushi ne, ni ke shafa musu man kaɗanya.

Shekarar da albasa ta yi daraja ya sayi mashin. Da farko fadama kaɗai yake zuwa da shi. Daga baya Yaya Buhari ya jawo shi kabu-kabu, ya bar aikin lambu hannun 'yan ƙwadago. Sai ya wuni zaune, in ba a kan mashin ba to a bencin tasha, ga shayi da madara, ga tsire, ga lemun kwalba. Masallacin unguwarmu, da muke jin tarin liman daga tsakar gida, shi ma da mashin yake zuwa. Kaushin ƙafa ya warke. Wuya ya cika, tumbi ya fito. Mata in sun shigo sai su ce, "Kai, uwar Nana ta iya tukunya!" Inna kuwa ta dube shi ta ce, "Auta ya huta, alhamdu lillahi." Duk garin lafiya da wadata ake gani a jikinsa, har da ni.

Ciwon kai ya fara yi, a ƙeya. In ya ɗaga Nana sama yana mata wasa sai in ji yana haki kamar wanda ya yi gudu. Wani lokaci in ya miƙe tsaye sai ya dafa bango. Mai kemis ya riƙa ba shi ƙwayar ciwon kai, in ya sha ya lafa, gobe ya dawo. Ba wanda ya ce a auna shi, mu ma ba mu san akwai abin aunawa ba.

Wata safiya, ana cikin cirar albasa, yana shan kunu a ƙofar ɗaki sai ludayin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun bai bi shi ba. Ya ɗago ya dube ni zai yi magana, na ga bakin ya karkace, yawu na zuba. Na ƙwala wa Inna kira.

Inna ta ce iska ce, don jiya ya ratsa bakin gulbi da tsakar rana. Anka kawo garwashi anka yi hayaƙi, anka kawo rubutu, amma ruwan ta gefen baki yake fita. Wata maƙwabciya ta ce a shafa mishi man shanu da tafarnuwa, wata ta ce kada a bari ya ga madubi. Haka munka kwana. Ba zan ɓoye alherin Yaya Buhari ba, shi ne ya shigo da safe ya ce, "Inna, a ci gaba da addu'a, amma asibiti za mu." Sunka ɗora shi a mashin tsakanin mutum biyu zuwa asibitin ƙaramar hukuma. Ma'aikacin da ya ɗaura mishi abin awo a hannu ya duba, ya sake hurawa ya sake dubawa, sannan ya ce mu nemi mota zuwa Sakkwato yanzu yanzu.

Satin farko a babban asibiti ban san kaina ba. Na bar Nana wurin Inna, Bello na bayana. Layin yankar kati daban, layin awon jini daban, layin magani daban, kowane in ka kai gaba sai a ce ba nan ba ne. A baranda muke shimfiɗa tabarma mu masu jinya. Wata dattijuwa daga Rabah, da ke jinyar mijinta, ita ta riƙa riƙe mini Bello in na shiga ɗaki. Ban san sunanta ba sai Gwaggo, Allah Ya saka mata. Akuyata da 'ya'yanta sunka tafi kasuwa a wanga sati. Albasar da ya kamata a adana har ta yi tsada, tun a gona anka sayar da ita ɗanya.

Likitan ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa a ɓoye, shi ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya tambaye ni aikinsa, na ce kabu-kabu. Sai ya ce, "Yaushe rabon da ya yi tafiyar ƙafa har ya yi gumi?" Na tsaya ina lissafi a zuciyata. Na koma baya har sunan Bello, na wuce, na kai yayen Nana, ban samu ba. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai girgiza kai ya ce irinsa da yawa suke gani yanzu.

Sati na biyu da na uku anka riƙa kai shi sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓin da sunka mutu. Mai kula da shi wata Hajiya ce, ƙaramin jiki gare ta amma muryarta ta cika ɗakin. Ita ta tsai da shi tsakanin ƙarafa biyu, ta ce ya taka. Ya yi kuka, ta ce ya yi kukan yana takawa. Magana ta ɗan dawo mishi, a hankali, kalma ɗaya ya huta ya kamo ta biyu. Hannun bai dawo ba. Ƙafar kuwa ta fara ɗagawa, sai dai ba ya jin taɓi sosai daga gwiwa zuwa ƙasa.

Ranar sallama Hajiya ta ba shi sanda mai baƙar roba a gindi, ta ja ni gefe ta ce, "Ki ji ni da kyau. Rabin maganinsa yana cikin ledar nan, rabi yana ƙasa. Na leda ke za ki ba shi. Na ƙasa sai ya taka da ƙafarsa, safe da yamma, kullum. In kunka tausaya wa ƙafar nan kunka bar ta zaune za ta ƙage, in ta ƙage ni ma ba ni da abin da zan yi mata."

Wagga magana na ɗauko na kawo gida kamar ƙwai a tafin hannu.

To ina zai taka? Hanyar fadama ba mai bin ta da ƙafa shi kaɗai yanzu, kun san halin da yankinmu yake ciki da mutanen daji. Maza a mashin suke zuwa, a tare, su dawo kafin rana ta yi sanyi. Saura cikin gari, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa inuwar tasha. Ni kuma ba ni iya raka shi. A garinmu matar aure ba ta jerawa da mijinta a kan titi, iyakata zaure. Sai in miƙa mishi sanda, in sa mishi takalmi, in koma wata 'yar ɓula da ke jikin katangarmu kusa da rumbu, in sa ido ɗaya ina kallonsa yana jan ƙafa har ya sha kwanar mai injin niƙa. Daga nan ba ni ganin komai.

Makonnin farko har murna na riƙa yi. Ba ya daɗewa sai in ji sallamarsa a zaure. Na ce a raina ƙafa ta fara sauri. Amma in na kama shi zai tashi daga tabarma, sai in ji ƙafar ta fi jiya nauyi. Ga zafin bazara ya shigo, kowa na jiƙewa, shi rigarsa a bushe take dawowa. Na riƙa juya sandar ina duba robar gindinta, tana nan sabuwa da zanenta kamar yau anka ba mu. In na ɗauki rigarsa zan wanke, warin hayaƙin mashin nake ji. Na ce ko don yana zama a tasha ne. Na tambaye shi, "Baban Nana, ka kai masallaci da ƙafarka?" Ya ce, "Na... tahi." Ya kau da kai.

Wata rana da hantsi ina goge mishi jiki da ruwan ɗumi, na naɗe wandonsa, sai na ga ƙuna a sha-raɓarsa ta dama, ta ciki. Faɗinta ya kai tafin hannun Bello, ta tashi ta yi ruwa, gefe ya saɓule. Shi bai ma san da ita ba, ƙafar ba ta gaya mishi ba. Duk matar da mijinta ke da mashin ta san wagga ƙuna, ni kaina ina da tabonta a ƙafata tun shekarar da ya sayi nasa. Salansa ce, bututun hayaƙin mashin.

Na zauna a ƙasa da tsumman a hannuna. Na ce, "Wa ya ɗauke ka?"

Da ya fara bayani, sai da na riƙa haɗa maganar da kaina. Ashe tun muna Sakkwato 'yan kabu-kabu sunka yi zama a tasha, sunka ce Mai Albasa, haka suke kiransa, ɗan uwansu ne, ba za a gan shi yana jan ƙafa a garin da suke da mashin ba. Duk wanda ya gan shi a ƙasa ya ɗauke shi kyauta. Wanda ya wuce shi, ranar ba shi ba layi a tasha. Da ya sha kwanar mai niƙa sai wani ya ci birki. Har fasinja suke saukewa su ɗauke shi. Su kai shi masallaci, wani ya dawo da shi, ya aje shi a kwanar don kada ƙarar ta dami Inna.

Na ce, "To ba ka ce musu Hajiya ta ce ka taka ba?"

Ya ce, "Kahin... in buɗe baki... sun ɗora ni." Sannan ya faɗi abin da har yau ban manta ba. Ya ce, "Bisa mashin... ba a ganin ƙahwar."

Na tambaye shi mashin ɗin wa ya ƙone shi, ya ƙi faɗi.

Ƙunar ba ta zo da sauƙi ba. Inna ta sa mata gashin zomo, kwana kaɗan ta fara wari. Munka koma asibitin ƙaramar hukuma ana wankewa ana naɗewa, anka ce kada ya taka sai ta kame. Makonni sunka wuce yana kwance. Da munka koma Sakkwato ganin Hajiya, ta kama gwiwar za ta miƙar, gwiwar ta ƙi. Ta sake gwadawa har ya yi ƙara. Ta juyo ta dube ni. "Ba ku yi abin da na ce ba." Ni da na ɗauko maganarta kamar ƙwai! Kuka ya ƙwace mini a gaban mutane. Da na samu na yi mata bayani, ta fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, "Yarinya, watannin farkon nan su ne na dawowar ƙafa, kuma suna tafiya. Ki san yadda za ki yi."

In san yadda zan yi. Ni da ko ƙofar gida ba ni tsayawa.

Abin da na iya shi ne tsakar gida. Na riƙa ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗata, Bello na bayana, mu zagaya rumbu, mu je bakin rijiya, mu dawo mu sake zagayawa. Matan da ke shigowa dubiya sunka kai labari gari cewa uwar Nana ta mai da miji yaro, tana yi mishi tatata. Shi ma zagayen jiri yake sa shi, ga kunya. Wata rana ya cire hannunsa daga kafaɗata ya ce, "Ni ba... akuya ba ne... ga turke." Waje yake so. Waje kuwa mashina ne ke jiransa. In na bar shi ciki ya ƙi takawa, in na bar shi ya fita a hana shi takawa.

Inna ta kira ni ɗakinta. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi Auta yay yi miki? Mutum shina ciwo, 'yan uwanai sun rufa mishi asiri, ke kina son a gan shi cikin rana shina jan ƙahwa, a ce ba shi da kowa?"

Na ce, "Inna, likita ta ce in bai taka ba ƙafar mutuwa za ta yi."

"Likita ta haihe shi?"

Na sunkuyar da kai. Inna tsohuwa ce ƙwarai, amma ba ta taɓa hawa mashin ba, tsoronsa take ji. Biki ko gaisuwar mutuwa a ƙauyukan kusa, da ƙafa take zuwa, ta riga 'yan mata isa. A Sakkwato da ta zo dubiya anka auna ta, anka ce jininta kamar na budurwa. Na yi ƙarfin hali na ce a hankali, "Inna, ke fa? Duk gidan nan ba wanda ya kai ki lafiya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarki."

Ta dube ni har na ji kunya. Ta ce, "Ni talauci yas sa ni tahiya. Da cikin Auta nid ɗauki itace ga kai har Wurno, ƙahwahuna na jini. Nir roƙi Allah kada ɗiyana su san wagga wahala, Ya amsa min. Yanzu ke ki ce in mai da shi ƙasa?"

Na fita na shiga madafa na yi kukana. Ba mugunta ke cikin gidanmu ba, da mugunta ce da na san da wa zan yi faɗa.

Ranar wata Juma'a, ƙunar ta kame an ce ya soma takawa, Yaya Buhari ya zo da mashin zai kai shi masallacin Juma'a. Tsakanina da Yaya Buhari gaisuwa ce kaɗai, ita ma a durƙushe, tun zuwana gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Baban Nana na zaune a dakalin zaure da farar rigarsa. Na ja mayafi na durƙusa a bayan ƙyaure.

Na ce, "Yaya, ina da roƙo."

"Awo, uwar Nana, mi na na?"

"Don Allah ku daina ɗaukarsa."

Ya yi kamar bai ji ba. Na maimaita, na faɗi abin da Hajiya ta ce, rabi a leda rabi a ƙasa. Na ce in taimako za su yi, duk wanda ya gan shi ya sauka ya taka tare da shi, kada ya faɗi.

Muryarsa ta tashi. "In sauka in tura mashin cikin gari, kamar wanda mai yaƙ ƙare mishi? Yara su bi ni suna dariya? Ke za ki koya muna zumunci? Wa yak kai shi asibiti, ke ko ni?"

"Kai ne, Yaya. Allah Ya saka."

"To!"

Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na matso na warware bandejin ƙafar Baban Nana a gabansa. Wurin ya yi ja, fatar ta tattare, tsakiyar ba ta gama rufewa ba. Mashin ɗin Yaya Buhari yana tsaye a ƙofar zaure, kuma na daɗe da lura ta ɓular katanga cewa duk mashinan tasha suna da ƙarfen da ke rufe salansa, nasa ne kaɗai ya cire bai mayar ba. Idona ya tafi wurin ba da nufina ba. Ya bi idona da kallo. Ya dubi salansar, ya dubi ƙafar ƙanensa.

Ya fita ya tada mashin ya tafi, ya bar Baban Nana zaune da farar riga.

Ranar bai samu Juma'a ba. Bai yi mini magana ba, tuwon dare ma ya ture. Inna ta daina amsa gaisuwata sai da kai. Labari ya kai tasha cewa matar Mai Albasa ta ce ba ta son taimakon kowa. 'Yan kabu-kabu sunka ɗauke ƙafa, masu leƙowa su gaishe shi sunka daina. Shi kuma ya ce ba ya fita, ba ya zagaya rumbu. Ya juya fuska bango. Kullum in na shafa mishi mai a gwiwa ina jin tana ƙara tauri a hannuna. Na ce shi ke nan, na kashe mishi ƙafa kuma na raba shi da 'yan uwansa. Waɗannan kwanakin sun fi na barandar asibiti tsawo.

Sai wata safiya ina shara na ji sallama a ƙofar gida, ban ji ƙarar mashin kafin ta ba. Na ruga ɓular katanga. Yaya Buhari ne riƙe da kan mashin, yana turawa. Ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Mai Albasa! Kai, hito! Mai yaƙ ƙare min ga ƙohwar gidanka. Taso ka raka ni wurin masu mai, kada in tahi ni ɗai kamar maraya."

Na shiga ɗaki na tarar Baban Nana ya riga ya tashi zaune yana laluben sanda. Na sa mishi takalmi. Sunka kama hanya, Yaya Buhari na tura mashin daga dama, ɓangaren ƙafar mai ciwo, Baban Nana na dogara sanda. Da tayar ta faɗa 'yar kwatar ƙofar gidanmu, na ji fetur ya yi ƙundum a cikin tanki. Cike yake. Kuma an mayar da ƙarfen salansa.

Mai injin niƙa ya leƙo ya ce, "Shugaba, yau kai ma ƙasa?"

Yaya Buhari ya ce, "Kai dai niƙa hatsinka. Ka san tsadar mai?"

Sun daɗe ba su dawo ba, har na fara tunanin ko ya faɗi. Da sunka shigo zaure, rigar Baban Nana ta manne a bayansa da gumi. Na Yaya Buhari ya fi yawa, shi ya fara zubewa a dakali yana haki yana neman ruwa. Baban Nana ya dube shi, bakinsa a karkace, ya ce, "Wa... ka... rakiyar wani?" Sai ya fashe da dariya, rabon da in ji dariyarsa tun ranar ludayi.

Tun daga ranar, mai ya riƙa ƙare wa 'yan kabu-kabu a ƙofar gidanmu, yau wannan gobe wancan. Har ya zama abin tsokana a gari, in mashin ɗin mutum ya mutu sai a ce ko Mai Albasa yake nema. Ba kullum ba ne. Ranar kasuwa kowa na neman abincinsa, ba mai zuwa. Baƙi daga wasu garuruwa kuma har yanzu suna cin birki in sun gan shi, wani lokaci ya ce a'a, wani lokaci in ji warin hayaƙi a rigarsa in yi shiru.

Ba zan ce muku ya warke ba. Hannun dama bai dawo ba, da hagu yake cin abinci. Gwiwar ba ta miƙe duka ba, Hajiya ta ce makonnin da ƙuna ta cinye ba su dawowa. Amma yana kai kansa masallaci, yana kai kansa bayan gida, kuma awon jininsa ya sauka. Mashin ɗinsa na nan a zaure lulluɓe da tsohuwar tabarma, in zai wuce sai ya shafa shi. Yaya Buhari, da ya ga hakin ya yi mishi yawa, ya je anka auna shi, shi ma yanzu yana shan ƙwaya. Inna ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ban kuma sa rai ba. Sai dai in sun fita takan ɗauki ƙwaryar niƙa ta bi bayansu, ta wuce su a hanya tana cewa su kauce mata.

'Yan uwana, in mijinki ya sayi mashin ki yi mishi murna, amma ki roƙe shi ya bar wa ƙafarsa masallaci da kasuwar unguwa. In wuya ya cika, ƙeya na ciwo, ku je a auna, ƙwayar kemis rufe ciwon take yi. In kina jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ki duba ƙafar kullum da idonki, don ita ba za ta faɗa ba. Masu zuwa da alheri kuma ki gaya musu irin alherin da ake so tun da wuri, kada ki jira ƙuna kamar ni. Allah Ya saka wa Hajiya, da Gwaggon Rabah, da Yaya Buhari da mutanen tasha, har da waɗanda sunka ɗauke shi, na san don Allah sunka yi.

Ni har yanzu iyakata ɓular katanga. In sun sha kwanar mai niƙa, zama ba ya yi mini, sai in goya Bello in kama zagaya rumbu ni kaɗai, kunnena na waje. In na ji ƙarar mashin ta nufo gidanmu gabana sai ya faɗi. In na ji shiru, sannan ƙwas, ƙwas a hankali, sai in tsaya in ɗebo ruwa. Ƙarar sandar ta canza kwanan nan, ƙarfe ne ke bugun ƙasa. Robar gindin sandar ta cinye har ta huje, jiya na yanki tsohon silifas ɗina na ɗaure mata.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba masu jinya haƙuri. Ku sa ƙafar Baban Nana cikin addu'arku.